Wai foton ta san ana kallonta? Muhawarar da ta ɓarke a zauren 'yan kimiyya na Kano

Abu Sumayya: Salamu alaikum jama'ar gida. Akwai wani bidiyo da ke ta yawo a TikTok, har an juya shi da Hausa. Wai masana sun tabbatar cewa ƙwayar haske, foton, tana sanin lokacin da mutum ke kallonta. In ba a kallo sai ta bi ƙofa biyu lokaci guda, in aka zuba mata ido sai ta nutsu ta bi ɗaya. Mai bidiyon ya ƙara da cewa da wannan ilimi za a iya aika saƙo daga Kano zuwa Makka nan take, ya riga haske isa. Masu fiziks na gidan nan, gaskiya ne ko cin data ne?

Ɗan Fagge: Cin data ne. Mabiya yake nema.

Mai Unguwa: Ɗan Fagge, ko sallamar mutum ba ka amsa ba ka yanke hukunci. A bari masu abin su shigo mana.

Malamin Gwale: Wa alaikumus salam Abu Sumayya. Maganar farko tana da asali, gishiri ne aka zuba mata ya yi yawa. Ta biyun kuwa, ta aika saƙo, ba ta da tushe ko kaɗan. Tun farkon shekarun 1800 Thomas Young na Ingila ya nuna cewa in haske ya ratsa ta tsaga biyu ƙanana da ke dab da juna, ba layi biyu za a gani a bango ba. Ratsi-ratsi za a gani, haske, duhu, haske, duhu. Dalili shi ne haske yana tafiya a matsayin igiya mai tudu da kwari. Inda tudun ta dama ya gamu da tudun ta hagu, haske ya ƙaru. Inda tudu ya gamu da kwari, sai su kashe juna, a ga duhu. Kowa zai iya gwadawa yau da daddare. Ku nemi 'yar jar lezar nan mai kama da biro, akwai ta a Sabon Gari, ku miƙe silin gashi guda a gabanta, ku haska bango daga ɗan nesa. Hasken da ya bi ta gefen gashin na dama da wanda ya bi ta hagu za su zana muku ratsin. A dai kiyaye idon yara.

Auta: Malam, to ina kwantum ɗin, wato ilimin halin ƙananan ƙwayoyi irin foton, yake a nan? Wannan ai tun aji biyar na sakandare muka yi shi.

Malamin Gwale: Yawwa Auta, nan za ni. Lezar nan mai ƙarfin miliwat 1 tana fitar da foton wajen tiriliyan dubu 3 kowace daƙiƙa. Ki jera baƙaƙen gilasai a gabanta har ki rage ta sau biliyan ɗaya, saura miliyan 3 a daƙiƙa. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, ke nan tsakanin foton da mai bi mata akwai kimanin mita 100, alhali teburin gwajin bai wuce mita ɗaya ba. Ta shiga ta fita kafin wata ta iso. Kowacce ɗigo ɗaya tak take bari. Amma in ɗigon suka taru, sai ga ratsin nan ya fito sak. To da wa ta yi karo, tunda ita kaɗai ce a ciki? G. I. Taylor ya yi irin wannan a Kambirij a 1909, da harshen wutar gas da allura da gilasai masu baƙin hayaƙi. Farantin hoton da ya fi daɗewa kusan wata uku ya yi yana shan hasken, kuma ratsin ya fito.

Anti Dokta: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga lacca na tarar gida ya ɗau zafi. Malam, lissafinka daidai ne, amma ba zan bar maka gwajin Taylor ya zama hujjar foton guda ba. Haske mai rauni daban, foton guda daban. Mita 100 ɗin nan matsakaici ne. Foton ɗin leza ba layi suke bi ba, a warwatse suke zuwa, wani sa'in biyu su iso a manne. In ka daddatsa hasken gunduwa-gunduwa har matsakaicin kowace gunduwa ya koma 0.1, to kusan 90 cikin 100 fanko ne, 9 na da foton ɗaya, kuma cikin waɗanda ba fanko ba, kusan ɗaya cikin 20 na ɗauke da biyu ko fiye. Wannan ma ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce, duk abin da Taylor ya gani, mai gardama zai iya bayyana shi da igiya mai rauni kawai. Zai ce maka ɗigo-ɗigon ba daga hasken yake ba, atam ɗin farantin ne ba sa karɓar kuzari sai gunduwa-gunduwa. Kuma da wannan gwaji ba ka da abin kayar da shi.

Malamin Gwale: Ranki ya daɗe, to Einstein fa da bayaninsa na 1905, cewa haske kansa gunduwa-gunduwa yake zuwa? Ai a kansa aka ba shi Nobel.

Anti Dokta: An ba shi, ta 1921, kuma ra'ayinsa ya fito gaskiya. Amma gwajin da ke toshe bakin mai gardama sai a shekarun 1970 da 1980 aka same shi. Wanda na fi son koyarwa shi ne na 1986, na Philippe Grangier da Gérard Roger da Alain Aspect, a Orsay kusa da Faris. Atam ɗin kalsiyam in aka zuga shi yana sakin foton biyu a jere. Ta farkon ita ce mai shela. Da ta buga na'ura an san ta biyu na tafe, sai a buɗe ƙidaya na ɗan ƙanƙanin lokaci. Ita ta biyun aka tura wa madubi mai raba haske, rabi ya wuce, rabi ya juya, kowane ɓangare da na'urarsa ta ganowa. Igiya in ta iso wurin nan dole ta rabu biyu, don haka jefi-jefi na'urorin za su buga tare, kuma akwai adadin da bugun taren ba zai gaza shi ba. Leza, ko ka rage ta ta kusa mutuwa, a kan wannan adadi take tsayawa. Su kuwa 0.18 na adadin suka samu. Foton ba ta rabuwa, ko can ko nan. Sai kuma suka ɗauki wannan foton ɗin dai, suka haɗe hanyoyin biyu a kan wani madubin raba haske, ratsi ya fito da tsabtar kashi 98 cikin 100. Abin da bai rabu ba, ga shi ya nuna alamar hanya biyu.

Malamin Gwale: Na ji wannan. Amma a aji, inda ko labulen rufe taga sai an yi karo-karo, da Taylor zan ci gaba da farawa. Yaro ya fara ganin ratsi da idonsa tukuna.

Anti Dokta: Ka fara da shi mana, wa ya hana? Kar dai ka ce musu ya tabbatar da abin da bai tabbatar ba.

Ɗan Fagge: Anti, a sauko ƙasa-ƙasa don Allah. Mu 'yan kasuwar waya ta Farm Centre ne. Wane ratsi kuma bayan kin ce na'ura biyu ce kawai?

Injiniya: Bari in taya Anti. Sunan tsarin Mach-Zehnder, tun shekarun 1890 ake da shi. Madubi na farko ya raba hanya biyu, sama da ƙasa. Can gaba hanyoyin suka sake gamuwa a madubi na biyu, bayansa akwai ƙofar fita biyu, A da B. Hankali zai ce maka rabi su fita ta A, rabi ta B. To in tsawon hanyoyin ya yi daidai, dukkansu ta A suke fita, B ba ta samun ko ɗaya. Ka ƙara wa hanya ɗaya rabin tsawon igiya, abin da bai kai rabin maikiromita ba, sai duk su koma B. Kana matsar da madubi a hankali, ƙidayar na hawa tana sauka, shi ne ratsin. Ga inda kai ke juyawa: sa hannu ka toshe hanyar ƙasa. Rabi sun mutu a hannunka, sauran sun rabu, kwata ta A, kwata ta B. B da ba ta samun komai lokacin da hanya biyu ke buɗe, ta fara samu bayan ka rufe ɗaya.

Ɗan Fagge: Tabɗi.

Baba Alhaji: Ikon Allah. Ina biye da ku, ku ci gaba.

Abu Sumayya: To ga shi kun dawo kan maganar mai bidiyo da ƙafarku. Da an san hanyar da ta bi, ratsi ya ɓace. Wa ke sani in ba mutum ba?

Anti Dokta: Nan ne gishirin ya yi yawa, Abu Sumayya. Ba a bukatar mutum, ba a bukatar ido. Abin da ke kashe ratsin shi ne a bar wata alama, ko'ina take a duniya, wadda za ta iya bambanta hanyar sama da ta ƙasa, ko da ba mai karanta ta har abada. Ƙwayar ƙura ma ta isa. In foton ta ci karo da ita a hanya ɗaya ta watsu gefe, an riga an san inda ta bi. Shi ya sa lokacin hazo kake ganin zaren leza a iska, ƙurar ce ke watso maka foton zuwa ido, kowacce tana tona wurin da take. A ɗakin gwaji kuwa da gangan ake sa alamar. Haske yana da fuskar da yake kaɗawa, tsaye ko kwance ko a karkace, kuma akwai mataci da ke barin fuska ɗaya ta wuce.

Ɗan Fagge: Tsaya Anti, wannan na san shi! Ledar nan da ke manne a gilashin tsofaffin wayoyi, wadda masu gyara ke ɓarewa. In ka ɗora biyu ka juya ɗaya, sai ta yi baƙi ƙirin.

Anti Dokta: Ita ce, ƙanina. Ashe kuna zaune a kan kayan ɗakin gwaji kuna zubarwa a shara. To a sa wani faranti a hanyar sama da zai juya fuskar foton daga tsaye zuwa kwance, a bar ta ƙasa a tsaye. Ba wanda ya auna komai, kowa ya tafi masallaci ya bar na'ura na ƙidaya. Ratsi ya ɓace. Yanzu a sa ledarka a bakin fita, a karkace digiri 45. Duk foton da ta wuce ta, fuskarta ta zama iri ɗaya, ba mai iya cewa daga sama take ko ƙasa. Rabi sun salwanta a ledar, amma sauran sun dawo da ratsi.

Malamin Gwale: A nan ni ma zan rama, ranki ya daɗe. Da hasken yau da kullum, Fresnel da Arago sun san cewa haske tsaye da haske kwance ba sa yin ratsi tun kafin 1820. Ba sai da kwantum ba.

Anti Dokta: Ka rama, Malam, haka yake. Inda tsohon nazari ke gazawa shi ne in alamar ba a jikin foton ɗin take ba, wata foton ce daban ta ɗauke ta ta yi nisa. Wannan ita ce sarƙewa.

Mai Unguwa: An kira magariba a nan Kabuga. A je a dawo, kar a kai ƙarshe ba ni.

Auta: Mun dawo. Anti, yaya ake samar da foton biyun da suka sarƙe?

Anti Dokta: Yanzu ba a wahala da kalsiyam. Leza mai launin shuɗi-shuɗi, mai tsawon igiya nanomita 405, ake haska wa wani kiristal da ake kira BBO. Mafi yawan hasken wucewa yake abinsa. Can ba a rasa ba, foton guda ta tsage ta zama biyu, kowacce nanomita 810, kowacce da rabin kuzarin uwar. In an tsara kiristal ɗin yadda ya kamata, sai su fito a halin da ba ɗayar da ke da fuska tata ta kanta, amma dangantakarsu a ƙulle take. Ki sa mataci a gaban kowacce, a kusurwa iri ɗaya, ko wace kusurwa kika zaɓa. Ba mai iya faɗa miki ko ta dama za ta wuce ko za ta maƙale, rabi da rabi ne. Amma in ta wuce, 'yar'uwarta ma ta wuce. In ta maƙale, ita ma haka.

Ɗan Fagge: To ina abin mamaki? In saya takalmi ƙafa biyu a Ƙofar Wambai, in ƙulle kowanne a leda ban duba ba, ɗaya in ba direban Legas, ɗaya in ajiye a shago. Ranar da na kwance nawa na ga na dama ne, nan take na san na hagu ne ya tafi Legas. Ba aljani ba waya. Tun a kasuwa aka gama magana.

Injiniya: Ɗan Fagge, ka san wa ka bi a sahu? Einstein. Kusan haka shi da Podolsky da Rosen suka kawo a 1935, cewa lallai akwai amsa a ɓoye tun farko, nazarin kwantum ne bai cika ba.

Ɗan Fagge: To Alhamdu lillahi. Ni da Einstein gefe guda, sauran ku ku nemi abokin tafiya.

Malamin Gwale: Kar ka yi saurin raba goro. Takalmi tambaya ɗaya ake masa, dama ko hagu. Foton kuwa kai ke zaɓar tambayar, wato kusurwar mataci, kuma za ka iya canza ta bayan sun bar kiristal. Ɗauko biro. Ni ina da mataci, kai kana da naka. Muka daidaita su, amsarmu ɗaya ce ɗari bisa ɗari. Ka juya naka digiri 30 zuwa dama, nawa na nan. Yanzu cikin tagwaye 100, mun saɓa a 25. Mayar da naka, ni in juya nawa digiri 30 zuwa hagu. Nan ma 25. To mu juya gaba ɗaya, kai dama ni hagu, tazara ta zama digiri 60. In maganarka gaskiya ce, kowace foton ta taho da amsoshinta tun daga kiristal kuma ba ruwanta da abin da ake yi a ɗaya gefen, to juyinka ya ɓata 25, nawa ya ɓata 25, iyakar saɓani 50. Zai iya gaza haka in ɓarnarmu ta faɗa kan tagwaye ɗaya ta gyara kanta, amma ba zai wuce ba. Nazarin kwantum ya ce 75. Aka auna, ma'auni ya bi bayan kwantum.

Ɗan Fagge: Daga ina ƙarin 25 ɗin ya fito?

Malamin Gwale: Tambayar da ake ta fama da ita ke nan tun 1964, lokacin da John Bell, mutumin Ireland ta Arewa da ke aiki a CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, ya fito da irin wannan iyaka. Ba daga Ƙofar Wambai ya fito ba dai.

Anti Dokta: Malam ya gama da kai cikin ruwan sanyi. In ƙara tarihi kaɗan, don masu irin ra'ayinka ba su sallama da wuri ba, kuma sun kyauta da ba su sallama ba. John Clauser da Stuart Freedman suka fara aunawa a Kalifoniya a 1972. Aka ce ai matatan a kafe suke tun kafin foton su tashi, wataƙila labari ya kai. Aspect a 1982 ya riƙa sauya kusurwa kusan kowace nanodaƙiƙa 10 (nanodaƙiƙa ɗaya ita ce ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa), foton na kan hanya, gefen biyu na da tazarar kimanin mita 12. Aka ce sauyin nasa yana da tsari, ana iya hango shi. Ƙungiyar Anton Zeilinger a Insburuk ta Ostiriya, 1998, tazarar mita 400, na'ura ce ke zaɓar kusurwa ba bisa tsari ba. Aka ce na'urorin ganowa na zubar da foton da yawa, wa ya san ko waɗanda aka kama ba sa wakiltar sauran. Sai a 2015 aka toshe kafofin nan lokaci guda, a gwaje-gwaje uku, a Delf ta Holan, da Biyana, da Boulda ta Amurka. Na Delf ma ba fuskar foton suka auna ba, ƙwayoyin lantarki (electron) ne a cikin lu'ulu'u biyu masu tazarar kilomita 1.3. Nobel ta 2022 Aspect da Clauser da Zeilinger suka raba.

Maman Hanan: Ni mai karatu ce kawai a nan, amma Anti, ko wannan ne ya sa uwa ke ji a jikinta in wani abu ya sami ɗanta yana nesa?

Anti Dokta: Maman Hanan, ni ma uwa ce, na san abin da kike nufi. Amma kar a jingina shi a nan. Sarƙewa ba ta da ƙwari, taɓawa kaɗan ke wargaza ta, shi ya sa ake killace ta a duhu da akwatuna. Jikin mutum ga ɗumi ga ruwa ga motsi ba tsayawa. Kuma ko ta zauna, ba ta kai labari, wanda shi ne ɗaya rabin tambayar Abu Sumayya.

Abu Sumayya: Yawwa, ita nake jira. In na auna tawa a Kano ta Makka ta amsa nan take, me zai hana in aika saƙo?

Injiniya: Me za ka aika da shi? Ba kai ke zaɓar amsar ba. Kana iya zaɓar kusurwa, amma wucewa ko maƙalewa ba a hannunka take ba. Mutuminka na Makka, jerin sifili da ɗaya marasa tsari yake gani, rabi da rabi. Ka auna, haka zai gani. Ka juya mataci, haka. Ka tafi cin tuwo ba ka auna ba, haka dai. Sai ranar da ya kira ka a waya kuka jera takardunku gefe da gefe sannan dangantakar za ta fito. Wayar kuwa ba ta fi haske gudu ba.

Auta: Yaya Injiniya, ina da dabara. Anti ta ce alama na kashe ratsi, goge alama na dawo da shi. To foton ta Makka ta shiga Mach-Zehnder, alamar hanyarta na jikin tawa a Kano. In ina son aika ɗaya, sai in goge alamar, ya ga ratsi. In sifili ne, in bar ta, bai ga ratsi ba. Ba shi ke nan ba?

Injiniya: Kai, yarinyar nan. Anti, ɗalibarki ce, ki karɓa.

Anti Dokta: Auta, Allah ya ƙara basira. Manya sun bi ta wannan lungu kafin ke. Marlan Scully da Kai Drühl suka kawo shawarar gogewar a 1982, an kuma yi gwajin ba sau ɗaya ba. Ga inda dabarar ke karyewa. Gogewa aunawa ce a karkace, digiri 45, kuma ita ma amsa biyu gare ta, wucewa ko maƙalewa, ba ke ke zaɓa ba. Foton ɗin Makka da 'yan'uwansu suka wuce a wurinki suna yin ratsi. Waɗanda 'yan'uwansu suka maƙale su ma suna yin ratsi, amma kishiyar na farko, haskensa a kan duhun wancan. Shi na Makka bai san wacce ke cikin wane rukuni ba, a cakuɗe suke zuwa masa, ratsi biyu suka cike gurbin juna, sai ya ga shafe. Sai kin aika masa jerin sakamakonki ya ware su sannan kowane ratsi zai bayyana. Foton da ta sarƙe sosai da wata, ita kaɗai ba ta nuna ratsi, ko me aka yi wa 'yar'uwarta, ko an yi kafin ta iso ko bayan ta iso. Masu bidiyon da ke cewa wannan gwaji na canza abin da ya riga ya wuce, wajen warewar nan suke tsallakewa.

Auta: Kash.

Abu Sumayya: To in ba ta aika saƙo, kuɗin da ƙasashe ke zubawa na mene ne?

Injiniya: Na makulli ne. Jerin nan mara tsari da ku biyu kuka samu iri ɗaya, shi ne makullin sirri mafi kyau. Artur Ekert ya kawo tsarin a 1991. Duk wanda ya tsoma hannu a hanya ya bar alama, 75 ɗin Malam ta zube, kun gane an taɓa. Wahalar a wajenmu masu jan wayar gilashi mai ɗaukar haske take. Mai kyau tana cinye rabin haske duk kimanin kilomita 15, a kilomita 100 ɗaya cikin ɗari ke isa. Saƙon intanet muna ƙara masa ƙarfi a hanya. Foton mai ɗauke da halin kwantum ba a iya kwafarta, an tabbatar da haka a lissafi tun 1982, don haka ba zancen ƙara ƙarfi. Shi ya sa Sin ta bi ta sama. Ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Micius a 2016, a 2017 ƙungiyar Pan Jianwei ta ba da rahoton raba tagwaye tsakanin tashoshi biyu masu tazarar sama da kilomita 1,200. Mu a nan, a fara barin mai haƙa kwata ya daina datse mana wayar tukuna.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, ku ba tsoho dama. Malam ya ce kowa na zaɓar kusurwarsa yadda ya so. To in zaɓin naku shi ma an riga an ƙulla shi tare da amsar foton ɗin tun can asali fa? Kuna ganin kun zaɓa, alhali abu guda ne ya tsara ku duka. Lissafin 50 ɗin zai tsaya?

Ɗan Fagge: Baba ya shigo gefenmu! Allah ya ja kwana.

Anti Dokta: Baba, Allah ya ƙara girma, ba zai tsaya ba. Lissafin Bell ya ɗauka cewa zaɓin kusurwa ba shi da alaƙa da abin da foton ta taho da shi. In aka cire wannan, iyakar ta faɗi. Kuma wannan kafa ba gwajin da zai toshe ta gaba ɗaya, sai dai a tura ta baya. A ƙarshen Nuwamban 2016 an sa mutane wajen 100,000 a faɗin duniya suna danna sifili da ɗaya, da su aka riƙa saita na'urori. A 2017 a Biyana launin hasken taurari aka bar wa zaɓin, hasken da ya taso kimanin shekara 600 da suka wuce. A 2018 a tsibirin La Palma aka yi da hasken da ya baro tushensa shekara biliyan 7.8 baya. Duk sakamako ɗaya. Mai wannan ra'ayi dole ya ce tun wancan lokaci aka ƙulla abin. Akwai 'yan tsirarun masana da ke kan haka. Ni ban bi su ba, don in aka yarda abin da ake aunawa na haɗa baki da zaɓin mai aunawa, ko gwajin magani ba za a iya amincewa da shi ba. Sai dai Baba, zancen ƙaddara na aƙida na bar wa malamansa. Teburin madubai ba ya tabbatar da shi, ba ya kore shi.

Baba Alhaji: Madalla. Ni ma ba can na nufa ba, lissafin kawai nake taɓawa in ji ƙwarinsa.

Ɗan Fagge: Ni dai ba a ba ni amsar inda 25 ta fito ba.

Malamin Gwale: Lissafin na ba da adadin daidai, kuma kowa ya yarda da shi. Fassararsa ce ake rigima a kai har gobe. Auta, ga aikin gida: ƙa'idar saɓani ita ce sayin (sine) na tazarar kusurwa, a ninka shi da kansa. Gwada kowa ya juya digiri 22.5.

Auta: Na 22.5 ya ba ni 14.6 cikin 100. Biyu ke nan 29.3, ita ce iyakar Ɗan Fagge. Tazarar 45 kuma ta ba da 50. An wuce iyaka. Amma Malam, na gwada kowa ya juya 45: 50 da 50 sun zama 100, tazarar 90 ma 100. A nan ba a wuce komai ba.

Anti Dokta: Daidai ne. Ba kowace kusurwa ke kama shi ba. Wanda ya tsaya a 0 da 45 da 90 kaɗai, zai yi shekara yana aunawa bai ga abin da ya saɓa wa takalmin Ɗan Fagge ba. Shi ya sa a yawancin gwaje-gwajen nan za ki tarar matatan a jere suke da tazarar digiri 22.5. Ki zana duka biyun a takardar giraf, daga 0 zuwa 45, ki turo mana mu ga inda ratar ta fi faɗi.